Hangen Dala a Santambul

Tsakanin unguwar Laleli, inda fatakenmu na wannan zamani ke sarin abaya da kwat da takalma da labule, da dandalin Sultan Ahmet inda Aya Sofiya take tsaye, tasha uku ce kacal a taragon da ke ratsa tsohon birnin Istanbul. Mai ƙwarin ƙafa ma ba ya bukatar tarago, minti ashirin da 'yan kai sun ishe shi. Da wannan 'yar tazara ake auna halin duk wanda aiki ya kai shi garin, ɗan kasuwa ne daga Kantin Kwari, ko ma'aikacin gwamnati da aka tura taron bita, ko wakilin kamfani da ya je baje koli. Kowa yakan sauka da kwana huɗu ko biyar a hannu, da ayyukan da suka isa mako biyu, da wata 'yar ƙwarƙwatar ido da ke motsi tun daga filin jirgi. Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ba a taɓa samun matafiyin da bai gwada ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, a cikin awa ukun nan da mutum ke yagowa daga aikinsa don ya ga gari, da wuya ka sami wanda garin yake kallo. Kusan kowa da 'yan kallonsa ya taho. Ya baro su a gida, amma suna nan cikin aljihunsa, kuma su yake yi wa hidima. In kana son sanin yadda mutum zai kashe la'asar ɗinsa a Santambul, tambayi wa zai ba labari idan ya koma.

Wanda ya fi kama da mai ƙaryata wannan magana shi ne Alhaji Ban-zo-wasa-ba, don haka da shi ya kamata a fara. Ya cika fasfo biyu da hatimin Turkiyya. Ya san ofishin kago da ba ya ɓatar da dila, ya san ɗan canjin da ba ya tsuga farashi, ya san lissafi da Turkanci daga ɗaya zuwa dubu, ya san "fahali" na nufin da tsada, "indirim" kuma ragi, kuma iyakar abin da yake bukata daga harshen mutane miliyan tamanin ke nan. Taragon da zai kai shi Aya Sofiya yana wucewa ta ƙofar otal ɗinsa sau ɗari a rana, shi kuwa bai taɓa ɗaukarsa komai ba sai abin da ake kaucewa wajen tsallaka titi da kaya. In ka ce masa, "Alhaji, ba za a leƙa masallacin nan ba?" sai ya dube ka kamar ka ce ya zuba jarinsa a teku, ya ce, "Gini ne fa, ɗana. Gini yana sayen kaya?" Mai hanzari zai ce to ga wanda ba ya yi don kowa. Amma a saurare shi ranar da ya koma, yaran shago sun kewaye shi, maƙwabcin rumfa ya zo barka da sauka. Abin da zai fara faɗa shi ne zuwansa goma sha huɗu ke nan bai taɓa taka wurin yawon buɗe ido ba. Rashin ganin nan shi ne tsarabarsa, kuma yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da hotunansu. Ya sha wahalar ƙin kallo shekara da shekaru don a ce da shi mutum ne mai kan gado.

Ƙaninsa a sana'a, abokin gabarsa a ɗabi'a, shi ne Mai Hula Uku. Wannan saurayi ne, zuwansa na farko ko na biyu, kuma awa biyu kawai ya samu tsakanin biyan kuɗin kaya da awon kilo. Ya taho da zanna bukar da dara da wata baƙar hular sanyi a jaka, domin duk wanda ya bi hotunansa a WhatsApp ya ɗauka kwana uku ya yi yana yawo. An gama gina Aya Sofiya a 537, zamanin sarkin Rum Jastiniyan. Ta yi shekara ɗari tara da ɗoriya tana majami'a, ta koma masallaci a 1453 da Muhammadu Fatihu ya ci garin, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, aka sake buɗe ta masallaci a 2020. Duk wannan tarihi bai ga komai na Mai Hula Uku ba sai ƙeyarsa, don shi da isowarsa ya juya wa ginin baya ya ɗaga waya. In ma ya ga ƙubbar, ta cikin gilashin waya ya gan ta, tana leƙowa ta saman kafaɗarsa. Gine-gine biyu ne ke fuskantar juna a dandalin, ɗaya mai hasumiya huɗu, ɗaya mai shida, wato masallacin Sultan Ahmet. Shi bai ƙirga ba, kuma sau da yawa sunan wannan yake liƙa wa hoton wancan. Babu mai gyara masa, don waɗanda ke rubuta masa "Allah ya ƙara ɗaukaka, oga" su ma hular suke kallo.

Ma'aikacin gwamnati lamarinsa ya fi ban tausayi, domin shi 'yan kallonsa kashi biyu ne, kuma bai kamata su haɗu ba. An turo shi taron ƙara wa juna sani na kwana uku a wani babban otal, an biya shi alawus da dala. Da safe yakan sa hannu a takardar halarta, ya sha shayin hutun farko, ya rataye kwat ɗinsa a bayan kujera ya bar littafi a buɗe da biro a kai, shaidar cewa mai wurin ya ɗan zaga ne. Kwat ɗin nan za ta halarci dukkan jawaban la'asar cikin natsuwa. Shi kuwa yana bakin ruwa a Eminonu yana cin gasasshen kifi a cikin burodi, katin taron na reto a wuyansa don ya manta bai cire ba. A nan ne, cikin mutum miliyan goma sha biyar da ke garin, zai yi kiciɓis da daraktansa, shi ma da nasa katin a wuya da nasa burodin a hannu. "Ranka ya daɗe, ai na fito neman wurin alwala ne." "Madalla, Malam, ni ma likita ne ya ce in riƙa tattaki." Daga nan sun zama 'yan asiri ɗaya har ritaya. Hotunan da ya ɗauka ba zai iya sa su a ko'ina ba sai bayan an amince da rahotonsa, wanda zai ce an tattauna muhimman batutuwa kuma an cimma matsaya. Iyali za su ga teku, ofis zai ga hoton rukuni na ranar buɗe taro.

Mai Lissafi ba ya cin lokaci wajen bayani. Kowane farashi ya gani sai ya juya shi daga lira zuwa dala, daga dala zuwa naira, daga naira zuwa buhun shinkafa. Tun farkon 2024 baƙi masu yawon buɗe ido na biyan yuro 25 kafin su hau benen Aya Sofiya, kuma da ya ji haka sai ya ga ai daga waje ma ginin ya fi kyau. Can sai wani ya sanar da shi cewa masallacin Sultan Ahmet da na Sulaimaniyya ba a biyan ko sisi, nan take sha'awar gine-ginen Usmaniyya ta kama shi. Ga wadda zai ba wa labari: uwargida, wadda ta san nawa ya fita da shi.

Wanda na fi son a daɗe a kansa shi ne Malam Ai-muna-da-shi. Ba ya ƙin zuwa kallo, ba ya ƙyashin kuɗin shiga, har yakan saurari ɗan jagora da kunne biyu. Sai dai duk abin da aka nuna masa, kafin ya gama gani ya riga ya samo masa ɗan'uwa a Kano. Aka kai shi Kafali Carshi, babbar kasuwar nan mai rufi da ke da tituna sama da sittin da shaguna kusan dubu huɗu, ya ce ai Kurmi ce aka yi wa rufi. Aka ba shi zagayayyen burodin nan mai riɗi da suke kira simit, ya ce gurasa ce ta sha wahala. Aka nuna masa fadar Tofkafi, ya tambaya ko ana hawan sallah a nan, da aka ce a'a sai ya yi murmushin wanda ya ci gasa. Abin dariyar shi ne wani lokacin yana da gaskiya ba tare da ya sani ba. An fara gina kasuwar Istanbul ne 'yan shekaru bayan 1453, Kurmi kuwa ana danganta ta da Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya hau mulki a 1463, ashe sa'o'in juna ne, kuma irin cinikin da ake yi a cikinsu, da rantsuwa da tafiya da kirawo mutum ya dawo, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba kuma jiya sunan garin ya shigo bakinmu ba, in ba haka ba da ba mu da kalmar Santambul, kuma tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu ga sarkin Usmaniyya. Inda Malam yakan yi shiru wuri ɗaya ne. In mota ta bi da shi ta gefen ganuwar da aka gina zamanin sarki Tiyodosiyus a farkon ƙarni na 5, ya ga dogon zangonta har yanzu a tsaye, bakinsa yakan buɗe da "ai mu ma badalarmu", sai ya tuna gidajen mai da shagunan da suka cinye ta, sai ya koma tambayar direba ko da sauran nisa. Shi majalisar bayan isha'i yake tara wa hujja, inda za a ji daɗi in ya ce ya je ya gani kuma babu abin da suka fi mu sai tsafta.

Hajiya Mai Saƙo ba ta ma san ta je yawon buɗe ido ba. Ta shiga kasuwar nan mai shekara ɗari biyar da rabi da waya a kunne, ƙanwar miji na kwatanta mata launin mayafi, "ba ruwan toka ba, Yaya, ruwan toka mai ɗan haske", ta fito bayan awa huɗu ba ta ɗaga kai ta ga zanen rufin ba ko sau ɗaya. Jerin saƙonninta ya fi jerin kayan da ta zo sara tsawo, akwai na lefen ɗan yaya, akwai na maƙwabciya da ta ba da kuɗin da bai kai rabi ba ta ce a cika za ta biya. In ta yi rashin sa'a ta ware Lahadi don wannan aiki, za ta tarar da ƙofofin kasuwar a rufe, don ba a buɗe ta ran Lahadi. Daren ƙarshe a ɗakin otal za ta kwana tana hawa kan akwati tana sauka, tana rabon kilo kamar mai rabon gado.

Akwai kuma mai neman albarka, wanda ba na son a yi masa dariya da yawa don niyyarsa ta fi ta kowa kyau. Ya ji cewa a gefen garin akwai kabarin Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa bayan hijira, wanda ya rasu a yaƙin da Musulmi suka kawo wa birnin tun zamanin Mu'awiya. Ya ji kuma a fadar Tofkafi akwai ɗakin da aka ajiye kayan tarihi masu alfarma da aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. Ranar da ya samu sarari ita ce Talata, ranar da fadar ke hutu. Ɗan'uwansa na zamani shi ne wanda fassarar fim ɗin Ertugrul ta raina, ya sauka yana tambayar direban tasi ina kabarin gwarzon yake, a zatonsa bayan tasha ne. A garin Sogut yake, tafiyar awoyi daga Istanbul, kuma jirginsa gobe da asuba. Ko waɗannan ma, in ka lura, rabin zuciyarsu na wurin ɗalibai da abokan sahu da za su ce "Malam, da idonka ka gani?"

Za a ce da ni, da farko, duk wannan surutu ne a kan abin da bai kamata a yi ba tun asali: wanda aka aika aiki da kuɗin wani, lokacinsa amana ne, ya yi aikinsa ya dawo. A kan mai kwat a kujera na yarda, kuma dariyar da ake masa ita ce hukuncinsa. Amma mafi yawan awoyin da ake magana a kai ba na kowa ba ne. Shaguna sun rufe, kago ya ce a dawo gobe, taro ya tashi ƙarfe huɗu, jirgi sai tsakar dare. Wanda ya ƙi fita a irin wannan lokaci bai ƙara wa uban gidansa ko kwabo ba, ya dai kwanta a gado yana kallon wayar da zai iya kallo a Fagge. Kamfanin jiragen Turkiyya ma ya gane darajar waɗannan matattun awoyi, shi ya sa yake zagayawa da fasinjojin da ke jiran canjin jirgi na tsawon awa 6 zuwa 24 cikin gari kyauta. Za a kuma ce awa uku ba ta nuna wa mutum garin da ya yi wa dauloli biyu babban birni, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gaskiya ne, amma mai hangen Dala ya fi wanda ya rufe ido, kuma ɗan kasuwar da ya zauna rabin awa yana kallon abin da matan garin ke sawa a titi ya koyi wani abu game da hajarsa wanda dillali ba zai gaya masa ba.

Suka ta uku ita ce mai nauyi. Mene ne laifin tunawa da mutanen gida? Ai labari tsaraba ne, kuma matafiyin da ya dawo hannu rabbana baki rabbana ba a yaba masa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro, da alhazan da suka tafi Makka a ƙafa ta Sudan, duk don a saurare su suka riƙa tara abin faɗa, kuma da labaransu mutanen da ba su taɓa fita ƙofar gari ba suka san duniya. Wannan ban musa ba. Sai dai akwai abin da ya sauya, kuma shi ne ya haifi duk mutanen da na lissafa. Falken da ya je Gwanja sai ya yi watanni kafin ya ga wanda zai ba labari. Dole ya kalli abu da kyau, don ba shi da wurin ajiye shi sai kansa, kuma a kan hanyar dawowa labarin ke nuna kamar ɗanyen mangwaro a cikin buhu. Yanzu labarin ke riga kallon. Kafin mutum ya ɗaga kai ya ga ƙubba, an riga an gan ta a Kano an yi masa addu'a an tambaye shi farashin takalmi. Wanda aka riga aka yaba wa a kan abin da bai gani ba, me zai sa ya wahalar da wuyansa? Har shi Alhajin farko, wanda ba ya hoto, da muryar saƙo yake aika wa yaransa cewa ga shi a bakin aiki yayin da wasu ke shiririta.

Shi ya sa mutum biyu na ƙarshe sukan zo a rana ɗaya, ranar komawa. Na farko shi ne wanda ya tara duk kallonsa sai yau, ya rubuta wurare bakwai a bayan rasit, ya manta filin jirgin da aka koma a 2019 yana da nisan kilomita arba'in daga tsakiyar gari, kuma cunkoson Istanbul ba ya jin "don Allah". Zai ga wurare biyu da gudu, na uku ta tagar tasi, sauran huɗun kuma ta tagar jirgi in Allah ya sa ya same shi. Na biyu ba shi da wata dabara, cajinsa ne ya ƙare, na'urar cajin kuma tana cikin jakar da ya riga ya ba kago. Ba taswira, ba hoto, ba mai kiransa. Sai ya bi ayarin mutane ya shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar, ya sayi shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, ya zauna. Cikin minti ashirin ya bar Turai ya shiga Asiya, hasumiyoyi na ja da baya ɗaya bayan ɗaya, tsuntsayen teku na cafe gutsuren burodin da yara ke jefa musu tun bai taɓa ruwa ba, wani tsoho a gefensa na gyangyaɗi don shi hanyar gida ce kawai. Da jirgin ya tsaya bai san inda za shi ba, sai ya sake biya ya dawo. Ranar da ya isa Kwari aka ce ya nuna hotuna ya ce babu, aka ce to me ya gani, ya yi shiru ya ce garin dai da ruwa a tsakiyarsa. Mai Hula Uku ya ce anya ma ya je. Alhaji Ban-zo-wasa-ba ya tambaye shi nawa kago ke karɓa a kilo yanzu.